Zuwa ga sanatocinmu 3 da 'yan majalisar wakilai 24 na Kano: wa ya biya kuɗin fostarku?

Assalamu alaikum masu girma, ranku ya daɗe. Ya Abuja, ya fama da jama'a, Allah ya taimake ku.

Ni mai buga takardu ne a nan cikin Kano, sana'ar da na tashi a ciki ke nan tun ina yaron shago ina wanke inji da kalanzir har Allah ya sa na samu nawa. Kalanda, katin ɗaurin aure, rasit, takardar jarabawar Islamiyya, duk muna yi, amma maganar gaskiya kakarmu ba ta yanke saƙa sai siyasa ta kaɗa. Wasunku ba ku san ni ba amma ni na san fuskokinku sosai, don ni nake zama gaban kwamfuta cikin dare in goge muku ƙuraje, in ƙara muku haske, in daidaita zaman hula, wani ma har tumbi aka ce in rage masa kuma na rage. To saboda wannan sabon da ke tsakanina da fuskokinku ne na ga ina da bakin yin wannan tambaya, kuma dan Allah kar a turo min sojojin baka, ni ba ɗan kowa ba ne, ja da kore da mai tsintsiya duk injina ya buga.

Abin da na lura da shi a shekarun nan shi ne, da wuya ka ga ɗan takara ya biya kuɗin fostarsa da hannunsa. Kullum akwai wani a baya. Bari in ba ku guda ɗaya da ba na mantawa. Gab da zaɓen 2019, bayan isha'i, muna aiki da janareta, sai ga wani yaro fes da shi cikin shadda ya shigo da jakar gana-mas-go ƙarama, ya ce Alhaji ne ya aiko shi a buga fostar honorabul wane, da manyan kyallayen talla da muke kira bana, da hula da riga. Ya zuge jaka, bandir-bandir 'yan dubu-dubu ko takardar banki ba a cire musu ba. Na ɗauko rasit zan rubuta sai ya dafa hannuna ya ce a'a maigida, kar ka sa sunan Alhaji, rubuta "masoya" kawai. A ƙasan fostar ma abin da aka ce in sa shi ne ɗaukar nauyin wata ƙungiyar matasa, wadda na tabbata a shagona aka haife ta a daren nan kuma a nan ta mutu. Na karɓi kuɗina, ba zan yi muku ƙarya ba, har na yi murna don a lokacin ana bina kuɗin takarda.

Honorabul ya ci zaɓe. Bayan kamar shekara sai ga yaron nan ya dawo, wannan karon takardun kamfani yake so masu kan wasiƙa, kamfani uku, suna daban-daban, amma adireshi ɗaya lambar waya ɗaya. Ya kuma ba da aikin allon sanarwa irin wanda ake kafawa a gaban aikin mazaɓa, ginin azuzuwa biyu da ofis, sunan honorabul da manyan baƙaƙe, sunan ɗaya daga cikin kamfanonin nan a ƙasa. Allah da ikonsa damina biyu bayan nan ɗaurin aure ya kai ni ƙauyen. Na ga ginin da idona. Iska ta yaye kwanon ta jefar bayan makaranta, silin ya zubo, daɓen ƙasa ya farfashe kamar an yi shi da toka, yara na zaune a gindin darbejiya malam na rubutu a jikin allon da aka jingina da kututture. Abin da kawai ya rage da kyansa a wurin shi ne allon da na buga, yana tsaye ƙyam launinsa ko dusashewa bai yi ba, don ni dai fenti mai kyau na sa. Wallahi sai na ji kunya ta kama ni kamar ni na ci kuɗin kwanon. Kuma in an bi ta barauniyar hanya ai na ci, don kuɗin fostar nan daga ina Alhaji zai fanshe shi in ba daga kwanon nan ba?

Ban kama sunan kowa ba kuma ba zan kama ba, don ba ni da takardar da zan kai kotu, rasit ɗina "masoya" ya ce. Kuma nan ne gizo yake saƙar. Duk ƙasar nan rasit ɗinta "masoya" ya ce.

Ku tuna da maganar Farouk Lawan, ɗan uwanku ne, kujerar Bagwai da Shanono ya riƙe tun 1999, wasunku sun zauna da shi a zaure ɗaya. Mu nan Kano alfahari muke da shi a lokacin, ɗan ƙaramin jiki ga baki ga ƙwaƙwalwa, shi ne ya ja tawagar masu kiran kansu 'yan gaskiya da suka tilasta wa Patricia Etteh sauka daga kujerar kakakin majalisa a 2007 kan kwangilar gyaran gida ta naira miliyan 628. Da Jonathan ya cire tallafin mai ranar 1 ga Janairun 2012 lita ta tashi daga naira 65 ta koma wajen 141, muka fito, ni kaina na rufe shago na je shataletalen Silver Jubilee, sanyin hunturu na dukanmu muna ta ihu, har gwamnati ta sassauto zuwa 97. Majalisa ƙarƙashin Aminu Tambuwal ta kafa kwamitin binciken kuɗin tallafin ta ba Farouk shugabanci, muka ce alhamdulillahi an ba mai kaza kai. Ana nuna zaman a talabijin muna kallo kamar ƙwallo. Kuma rahoton da suka fitar a watan Afrilu ba wasa ba ne, a ciki aka ji cewa naira biliyan 245 aka ware wa tallafi a kasafin 2011 amma abin da aka kashe ya haura tiriliyan 2.5, a ciki aka ji masu shigo da mai sun tashi daga 19 a 2008 sun koma 140 a 2011, a ciki aka ji an taɓa biyan naira miliyan 999 har sau 128 cikin awa 24. Sau 128 fa ranku ya daɗe, ko injina ba ya buga kuskure ɗaya sau 128 ban tsayar da shi ba. Kwamitin ya ce a dawo da sama da naira tiriliyan ɗaya.

Sai me? Sai aka wayi gari Farouk ya miƙe a zauren majalisa ya nemi a cire sunan Zenon, kamfanin Femi Otedola, daga jerin kamfanonin da rahoton ya ambata, majalisa ta amince. Ba a jima ba Otedola ya fito ya ce Farouk ya nemi dala miliyan 3 a wurinsa, shi kuma ya sanar da jami'an tsaro na farin kaya suka shirya tarko, ya ba da dala 620,000, dubu 500 ga Farouk, dubu 120 ga sakataren kwamitin. Farouk ya ce e ya karɓa amma don ya tona asirin mai bayarwa ne ya karɓa. Kowa na cewa shi ne ya ɗana wa ɗan uwansa tarko. Aka gurfanar da shi a 2013, shari'a ta yi ta yawo daga wannan alƙali zuwa wancan, sai a watan Yunin 2021 mai shari'a Angela Otaluka ta yanke masa shekara 7 ta ce ya dawo da dala 500,000. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2022, kotun ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024, ya fito daga gidan yarin Kuje a Oktoban 2024, a 2025 kuma sunansa ya fito cikin waɗanda shugaba Tinubu ya yi wa afuwa. Ya yi zamansa ya gama, ba na son in ƙara masa ciwo, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya daban ne. Dala dubu 500 a canjin wancan lokacin wajen naira miliyan 80 ce. Rahoton kuma maganar sama da tiriliyan ɗaya yake. Daga ranar da maganar dalar ta fito, rahoton ya zama maraya, duk wanda sunansa ke ciki ya samu abin faɗa, ai kwamitin 'yan cin hanci ne. An kai wasu 'yan kasuwar man kotu, kaɗan aka ɗaure, wasu shari'un sun shafe sama da shekara goma ana ɗagawa. Mu da muka sha sanyi a Silver Jubilee kan naira 141 mun zo mun sayi lita sama da naira dubu a 2024 muka yi shiru. Sannan ku duba, mun san wannan labari ne kawai saboda mai bayarwar ya zaɓi ya kai ƙara, kotu kuma ta karɓi shaidarsa. To sau nawa aka yi irin wannan zama a falon wani attajiri da tsakar dare aka rabu ana dariya, ba kyamara, ba ƙara, aka cire suna daga rahoto ko aka saka layi a kasafin kuɗi, mu ko labari? Ku kun fi ni sanin amsar. Kwamitoci nawa ne a majalisa suka fara bincike da ganga da algaita, aka gayyaci shugabannin kamfanoni, 'yan jarida suka cika ɗaki, daga nan ɗif kamar an shuka dusa?

Na san abin da za ku ce, don wasunku sun faɗa min a shago suna jiran aiki. Za ku ce siyasar ce ta yi tsada, kuma gaskiya ne. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, na gwamna 50, na sanata 20, na majalisar wakilai 10, PDP kuma ta sayar da na shugaban ƙasa miliyan 40. Fom kawai fa, takardar da in ni aka ba bugawa ba za ta ci naira dubu ba. Buhari da kansa a 2014 cewa ya yi sai da ya nemi rancen banki ya sayi nasa na miliyan 27.5. Daga fom sai deliget, su kuma a 2022 da dala suka san ana gaisawa, har Mohammed Hayatu-Deen ya janye daga firamaren PDP yana kukan an mayar da abin cinikin kuɗi, har muka ji waɗanda suka faɗi firamare suna bin deliget gida-gida a dawo musu da kuɗinsu. Bayan deliget ga ejan na kowace rumfa, ga 'yan jagaliya, ga masu waƙa, ga yaran Facebook da kuɗin data, ga taliya da atamfa da sabulu ranar zaɓe, ga lauyoyi in an tafi kotu. Mu ma talakawa ba mu da gaskiya, kullum ƙofar gidanku cike, wannan matarsa ta haihu, wannan za a yi wa uwarsa aiki, wannan kuɗin makaranta, in ba ku bayar ba mu ce ba ku da kayan aiki, mu juya muku baya. Duk na yarda. Amma ai wannan hujjar tawa ce ba taku ba. Tunda abin ya kai haka tsada, kuma mun san da yawanku kafin takara ba ku da wannan kuɗin, wasu mun san gidan hayar da suke ciki, to wani ne ya biya. Wanda ya biya kuma ba waliyyi ba ne. Bahaushe ya gama magana tun tuni, ba a ba kura ajiyar nama, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Wasu lokutan ma ba a ɓoyewa. A Disambar 2014 an yi liyafar tara wa PDP da takarar Jonathan kuɗi a Abuja, dare ɗaya aka sanar da sama da naira biliyan 21, ana tashi ana cewa ɓangaren mai da gas biliyan kaza, abokai daga ɓangaren lantarki biliyan kaza, gwamnoni miliyan 50 kowanne, alhali dokar lokacin ta ce duk kamfen ɗin shugaban ƙasa kar ya wuce biliyan 1, mutum ɗaya kar ya ba ɗan takara sama da miliyan 1. Da surutu ya yi yawa aka ce ai na jam'iyya ne ba na ɗan takara ba. Su waɗannan "abokai" ba su da suna? Gwamnati ce ke ba su lasisi, ita ke sa musu ido, su kuma su ne ke biya mata kamfen, to wa zai hukunta wa in wuta ta ɗauke? Kar 'yan APC su yi dariya, a jajibirin zaɓen 2019 duk duniya ta ga hoton motocin ɗaukar kuɗi na banki suna shiga gidan Tinubu a Legas, da aka tambaye shi ya ce kuɗinsa ne, magana ta mutu a nan. A 2022 aka ce wai manoman shinkafa ne suka haɗa miliyan 100 suka saya wa Emefiele fom yana kan kujerar gwamnan babban banki, bankin da ke ba manoman rance. Wata ƙungiya kuma ta saya wa Jonathan da sunan makiyaya, shi da kansa ya ce bai aike su ba. Da na ji labaran nan dariya na yi ni kaɗai a shago, na ce ashe ƙungiyar matasan da aka haifa a shagona tana da yayye a Abuja.

In kuna son ganin ƙarshen irin wannan ciniki ku tuna Anambra a 2003, da Chris Ngige ya ci gwamna suka saɓa da ubangidansa Chris Uba, aka zo da 'yan sanda aka ɗauke gwamna sukutum aka ce ya yi murabus. Gwamna mai ci fa. Wanda ya saya yana ganin kayansa ne.

Mu nan gida ma muna da namu ciwon da bai warke ba. A Oktoban 2018 Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya saki bidiyon da ya ce gwamna Ganduje ne ke karɓar daloli daga 'yan kwangila yana sawa a aljihun babbar riga. Ganduje ya musanta ya ce haɗa shi aka yi. Majalisar jiha ta kafa kwamiti, Jaafar ya je gabansu rataye da Alƙur'ani, kafin a je ko'ina kotu ta dakatar da binciken, daga baya ɗan jaridar ya bar ƙasar ya koma Ingila. Ni ba alƙali ba ne, ban ce ya ci ba ban ce bai ci ba. Abin da na ce shi ne shekaru sun wuce Kanawa ba su samu amsa ba, in sharri aka yi masa ya cancanci a wanke shi fes, in kuma gaskiya ne mu ma mun cancanci mu sani. Sai aka bar abin ya zama makamin kamfen, in kana ja ka ce gaskiya ne, in kana ɗaya ɓangaren ka ce ƙarya ne, an gama. Kuma ko a nan ɗin ma ku lura, duk surutun a kan aljihun da aka ce an saka ne, hannun da ya miƙa ba mai tambayarsa.

Alhali addininmu bai raba su ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, tare ya ambace su. Kuma duk wanda ya zauna gaban malami a cikinku ya san hadisin mutumin da aka aika karɓo zakka ya dawo ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Wannan tambayar ita ce ma'aunin, ranku ya daɗe. Alhajin da ya aiko maka da jif ranar rantsuwa, da ka faɗi zaɓen zai aiko? Shehu Usmanu ma cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su har da karɓar gaisuwa. Yau mun canza mata suna ne kawai, gudummawa, ihsani, na goro, "Alhaji ya ce a gaishe ka". Kundin tsarin mulkin da kuka rantse da shi ma ya faɗa a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, kyautar da ta fito daga kamfani ko mai kwangila da gwamnati ana ɗaukarta haramtacciya ce sai in an tabbatar da akasin haka. Dokar kamfanoni ta hana kamfani ba jam'iyya gudummawa. Dokar zaɓe ta 2022 da kuka shiga zaɓen 2023 da ita ta ce mutum ɗaya kar ya ba ɗan takara sama da miliyan 50, sanata kar ya kashe sama da miliyan 100, ɗan majalisar wakilai kar ya wuce 70, jam'iyyu kuma su kai wa INEC lissafin abin da suka karɓa da abin da suka kashe bayan zaɓe. Dokar hana safarar kuɗin haram ta ce mutum kar ya yi cinikin tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta banki ba. Doka kam ga ta nan jibgi. Dan Allah tsakaninku da Allah, waye a cikin ku 27 zai dafa Alƙur'ani ya ce bai wuce miliyan 70 ko 100 ɗin nan ba? Ni da nake ganin kuɗin fosta da bana kaɗai na san lissafin ba zai fita ba.

To ga abin da nake roƙo, kuma ba sai an gyara kundin tsarin mulki ba, ba sai an kafa kwamiti an je Dubai taron bita ba. Kowannenku ya ɗauki takarda ya rubuta sunan duk wanda ya ba shi gudummawar da ta kai, a ce, naira miliyan ɗaya a zaɓen da ya wuce, kuɗi ne ko mota ko buhunan shinkafa ko biyan fosta, ya sa a shafinsa na Facebook inda yake sa hotunan rabon keken ɗinki. A gefe guda kuma ya jera ayyukan mazaɓarsa, kowane aiki da kuɗinsa da kamfanin da aka ba da sunan masu kamfanin na gaskiya, ba sunan direba ko ƙanin mata ba. Shi ke nan. Mu za mu haɗa biyu da biyu da kanmu, akwai yara masu waya a kowace unguwa da za su yi wannan aikin kyauta. Na san za a ce ai ba ɗan majalisa ke ba da kwangila ba, ma'aikatu da hukumomi ne. Ranku ya daɗe wannan a faɗa wa baƙo. In mai gudummawar don Allah ya yi, me zai sa ya ji tsoron sunansa? Ai in masallaci ya gina har allo yake sa a buga masa, ni nake bugawa.

Kuma abin ba gagara ya yi ba. Shehu Sani ya fito a 2018 ya ce sanata na karɓar miliyan 13.5 duk wata na gudanar da ofis, aka yi ta zaginsa a majalisa amma sama ba ta faɗo ba. Ɗaya daga cikinku, Sanata Kawu Sumaila, ya faɗa a BBC Hausa a 2024 cewa abin ya kai miliyan 21 a wata, na ji da kunnena kuma na yaba masa. To wanda ya iya faɗin abin da ke shigowa daga gwamnati zai iya faɗin abin da ya shigo daga Alhazai. Mutum ɗaya ya fara, sauran kunya za ta kama su, ko mu mu kama su da tambaya.

Sai maganar hukumar hukunta laifukan zaɓe. Tun 2008 kwamitin mai shari'a Uwais ya ba da shawarar a kafa ta, majalisar dattawa ta amince da ƙudirin a 2021, ya je ya kwanta. INEC ta sha faɗa da bakinta cewa aikin gurfanar da masu laifi ya fi ƙarfinta, kuma ita kanta ba ta tsira ba, a 2017 sai da ta dakatar da ma'aikatanta 205 kan kuɗin da aka raba a zaɓen 2015, cikin naira biliyan 23 da EFCC ta danganta da tsohuwar ministar mai Diezani. Ku 24 ne a majalisar wakilai, babu jihar da ta fi ku yawa sai dai Legas ta yi kunnen doki da ku. In kuka haɗa kai kan abu ɗaya ana jin ku, mun ga yadda kuke haɗa kai in maganar motocinku ce. Ku haɗa kai a kan wannan, kuma in za a rubuta a rubuta da mai bayarwa a ciki, kamfanin da aka kama ya sayi ɗan majalisa a hana shi kwangilar gwamnati, a kuma ba da kariya ta gaske ga wanda ya tona, kar ya zama sai ya gudu ya bar ƙasa da iyalinsa. Takardar bayyana kadarorin da kuke cikewa ku kai hukumar ɗa'ar ma'aikata a kulle a durowa, ita ma a buɗe ta mu gani, in ba haka ba amfanin me take yi, ɓera kaɗai ke karanta ta.

Ni ma ga nawa alkawarin don kar a ce na zo da wa'azi hannu rabbana. Daga zaɓe mai zuwa duk wanda ya kawo aikin fosta shagona, sunan wanda ya biya zan rubuta a rasit, kuma ba zan ƙara buga ɗaukar nauyin ƙungiyar da ban ga mutum biyu nata ba. Na san zan rasa ciniki, abokan sana'a suna nan layi guda za su karɓa da gudu, uwargida ma ta ce min wannan taurin kai ne, wai ni kaɗai zan gyara Najeriya da littafin rasit. Ta fi ni gaskiya wataƙila. Amma kwanon makarantar nan ya tsaya min a rai.

Sannan akwai mutum biyu a cikin waɗanda suka yi takara a 2023 da har yau ina bin su cikon kuɗin buga bana, ɗaya ya ci ɗaya ya faɗi, sun san kansu. Wanda ya faɗi na yafe masa rabi don na ga halin da yake ciki, Alhajinsa ma ya daina ɗaga wayarsa. Wanda ya ci kuma in wasiƙar nan ta iso gare shi, lambata ba ta canza ba, kuma dan Allah wannan karon ya turo daga asusunsa mai sunansa.

Naku,
wani mai buga fosta a Kano